Yadda Za a Bibiyi Garkuwar Jikin Jama'a da Haɗarin Kamuwa a Lokacin Annoba: Jagora Daga Damagaram

A ranar 19 ga Maris 2020 aka tabbatar da mutum na farko mai cutar korona a Nijar, a birnin Yamai, kwana takwas bayan Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana cutar a matsayin annobar da ta game duniya. Daga wannan rana har zuwa watan Mayu na 2023, lokacin da hukumar ta janye matsayin gaggawa, waɗanda gwaji ya tabbatar sun kamu a ƙasar nan ba su kai dubu goma ba, a cikin al'ummar da ta haura miliyan 25. Duk wanda ya yi aikin lafiya a Damagaram a waɗannan shekaru ya san cewa wannan adadi na waɗanda suka kai kansu wurin gwaji ne kawai, domin mutanenmu da yawa sun yi mura da zazzaɓi, sun sha jiƙo ko sun sayi magani a bakin hanya, sun warke a ɗakunansu ba tare da sunansu ya shiga wani littafi ba. Wani nazari da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022 ya ƙiyasta cewa zuwa watan Satumba na 2021 kusan kashi 65 cikin ɗari na mutanen Afirka sun riga sun haɗu da ƙwayar cutar, wato ninki 97 na adadin da aka sanar. Da binciken jini aka gano haka. Wannan jagora ta shafi yadda ake shirya irin wannan bincike a gari kamar namu, da yadda ake maimaita shi har ya nuna wa hukuma inda haɗari yake kafin gadajen asibiti su cika. Na ɗauki korona a matsayin misali saboda ita muka gani da idonmu, amma hanyar tana aiki ga duk wata annobar ƙwayar bairos da za ta biyo baya.

Abin da jini yake riƙewa

Idan ƙwayar cuta ta shiga jiki, ko aka yi wa mutum allurar riga-kafi, jiki yana ƙera wasu sinadarai na kariya waɗanda ma'aikatan labo, wato ɗakin gwaji, a nan suke kira antikor. Nau'in da ya fi amfani ga mai bincike shi ne IgG, wanda yake bayyana a jinin yawancin mutane tsakanin mako ɗaya zuwa uku bayan fara rashin lafiya, kuma yakan daɗe watanni kafin ya soma raguwa. Gwajin hanci na PCR yana kama ƙwayar cutar ne a ƴan kwanakin da take jiki, shi kuwa gwajin antikor sawunta yake bi bayan ta wuce. Saboda haka ba a amfani da shi don sanin ko mara lafiyan da ke kwance yau yana da cutar, kuma duk abin da ya nuna labari ne na aƙalla makonni biyu ko uku da suka shuɗe.

Mataki na farko: a rubuta tambayar da shawarar da ta rataya a kanta

Tambayoyi uku ne ake yawan cakuɗawa. Akwai ta sanin mutum nawa cutar ta taɓa, akwai ta sanin mutum nawa suke da wata kariya ko ta kamuwa ko ta allura, akwai kuma ta sanin saurin da sabon kamuwa yake tafiya a wannan watan. Kowace da irin gwajinta da irin mutanen da za a ɗebi jininsu. A zauna da hukumar lafiya ta jiha tun farko a rubuta a takarda abin da za a yi idan sakamako ya fito ƙasa da abin da za a yi idan ya fito sama, misali tura allurar riga-kafi Tanut da Gure kafin cikin birni, ko tanadin iskar numfashi a babban asibitin ƙasa na Damagaram kafin hunturu. Binciken da babu shawarar da ke jiransa ɓarnar kuɗi ne da ɓarnar jinin bayin Allah, kuma ban ga dalilin fara shi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da tsararren tsari na irin wannan aiki mai suna Unity, wanda ƙasashe da yawa suka bi, kuma binsa yana sa a iya kwatanta sakamakonmu da na wasu wurare.

Mataki na biyu: zaɓen waɗanda za a ɗebi jininsu

A nan yawancin bincike yake lalacewa, kuma lalacewar ba ta gyaruwa da lissafi daga baya. Hanya mafi sauƙi ita ce a yi amfani da jinin da ya riga ya zo hannu: ragowar jinin masu ba da gudummawa a cibiyar ƙarin jini, ko na mata masu zuwa awon ciki a cibiyoyin lafiya na CSI. Tana da arha, ana iya yin ta kowane wata, kuma ta yi amfani a wasu ƙasashe. A Kenya, jinin masu gudummawa sama da dubu uku da aka tara tsakanin Afrilu da Yuni 2020 ya nuna kashi 4.3 cikin ɗari suna da antikor, a lokacin da adadin da aka sanar ya yi ƙasa ƙwarai da haka. Sai dai a tuna su wane ne masu ba da jini a garinmu: galibi maza ne matasa masu ƙarfi, ƴan uwan marasa lafiya ko ƴan makaranta. Babu tsoho a cikinsu, babu yaro, alhali kusan rabin mutanen Nijar ba su kai shekara 15 ba, tsofaffi kuma su ne cutar ta fi kashewa. Wannan hanya tana nuna ko abu yana hawa ko yana sauka, amma ba za a ɗauki adadinta a ce na Damagaram ne gaba ɗaya ba.

Hanya ta biyu, mai wahala amma mai gaskiya, ita ce bin gida-gida bisa ƙuri'a. Ana karɓar taswirar yankunan ƙidaya daga hukumar ƙididdiga ta ƙasa, a zaɓi kamar yankuna 30 zuwa 40 ta yadda yanki mai yawan jama'a zai fi samun damar fitowa, sa'an nan a cikin kowane yanki a sake ƙirga gidaje a zaɓi wasu da ƙuri'a. Sake ƙirgar wajibi ne, domin taswirar ƙidayar 2012 ba ta san unguwannin da suka tsiro a gefen gari bayanta ba. A tabbatar Birni da Zango da Garin Malam da Karkada da Kara-Kara da sababbin unguwanni duk suna cikin ƙuri'ar, kuma idan binciken na jiha ne a raba shi kashi-kashi: birni daban, kudu mai cunkoso da ke iyaka da Najeriya kamar Magarya da Matamai da Dungas daban, arewa mai makiyaya daban. Kada ma'aikaci ya bar gidan da ƙuri'a ta nuna ya shiga na maƙwabci don mai shi ya fi fara'a. Idan ba a sami kowa ba, a dawo sau biyu ko uku a wani lokaci na yini, a kuma rubuta duk wanda ya ƙi, da jinsinsa da kimanin shekarunsa.

Akwai mutanen da ƙuri'ar gida ba ta kamawa sai an yi musu tanadi na musamman. Almajirai suna kwana a zaure ko a makarantar malaminsu, ba sa cikin lissafin kowane gida. Ƴan cin rani suna Kano ko Agadas ko Aljeriya ko Libiya daga bayan girbi har faɗuwar damina, kuma su ne suka fi yawo da cuta tsakanin garuruwa. Direbobin tasha da ƴan kabu-kabu da ƴan kasuwar Dole ba a samunsu gida da rana. Ni a ganina gara a buɗe wa waɗannan rukuni nasu a ba da sakamakonsu daban, da a yi kamar babu su.

Game da yawan mutane kuwa, lissafin ba shi da wuya. Idan ba a san komai ba game da yaɗuwar cutar, ana ɗauka rabi da rabi ne, kuma idan ana son kuskuren kada ya wuce maki 5 sama ko ƙasa, ana buƙatar mutum 384. Tun da ƴan gida ɗaya da ƴan unguwa ɗaya suna harbin juna, jininsu yana kama da juna, don haka ake ninka adadin sau biyu ya zama 768. Idan aka yi tsammanin ɗaya cikin biyar zai ƙi, sai a nufi 960. Wannan na rukuni ɗaya ne. Mai son ya faɗi adadin yara daban, na manya daban, na waɗanda suka haura 60 daban, dole ya tanadi isassun mutane a kowane rukuni, tsofaffi kuma sai an nemi ƙarinsu da gangan saboda ba su da yawa a cikin jama'a.

Mataki na uku: izini da shiga gari

Izinin kwamitin ƙasa mai kula da ɗa'ar binciken lafiya da na ma'aikatar lafiya yana zuwa kafin komai. Bayansa akwai izinin da ba ya kan takarda. A je fadar Sarkin Damagaram a yi gaisuwa a yi bayani, a bi ta kan masu unguwanni da masu gari, a zauna da limamai. Mun ga yadda rufe masallatai a 2020 ya jawo fushi da zanga-zanga a wannan jiha, kuma wanda ya zo neman jini a irin wannan yanayi ba tare da ya bi ta hannun manya ba zai sha jita-jitar cewa sayar da jinin za a yi ko wani abu ake sa wa mutane. Kowace tawaga ta kasance da mace, domin namiji baƙo iyakarsa zaure, da kuma wakilin lafiya na unguwar, wanda ake kira rele, da mai jin Barbarci ko Fulatanci ko Buzanci inda ake buƙata.

Bayanin ya zama gajere kuma gaskiya. Ma'aikaciya za ta iya cewa: "Inna, barka da hutawa. Daga hukumar lafiya muke, da sanin mai unguwa. Muna so mu ɗauki ɗigon jini daga yatsanki don mu san ko wannan cuta ta taɓa wucewa ta jikinki. Ba magani ba ne, ba allura ba ce, kuma idan ba ki so ba babu abin da zai same ki, ko a likita ko a wani wuri." Ga yaro ana neman yardar uba ko uwa, idan ya yi wayo a nemi tasa. A guji watan azumi in da hali, saboda mutane da yawa ba sa son a taɓa jininsu da rana, kuma ƙin da za a samu zai karkatar da sakamakon.

Tambayoyin da za a yi kada su wuce shafi biyu: shekaru, jinsi, sana'a, tafiyar da aka yi cikin wata shida, zazzaɓi ko tari ko ɗaukewar jin ƙamshi, rasuwa a gidan, da riga-kafi. A nemi ganin katin allura, a rubuta ranar da sunan allurar. Yawancin dattawa ba su riƙe shekarar haihuwa ba, sai a kimanta da abin da kowa ya sani, kamar samun ƴancin kai a 1960 ko yunwar 1973 da ta 1984.

Mataki na huɗu: zaɓen gwaji da gwada shi da jinin gida

Gwaji iri uku ne. Akwai na gaggawa mai kama da na zazzaɓin cizon sauro, wanda yake ba da amsar e ko a'a cikin minti goma sha biyar, amma ba ya faɗin yawan antikor kuma ya fi kuskure. Akwai na ELISA da danginsa da ake yi a labo, masu ba da adadi. Akwai kuma gwajin da yake auna ko antikor ɗin suna iya hana ƙwayar cutar shiga ƙwayoyin jiki, wanda ya fi kusa da ma'anar kariya amma yana buƙatar labo na musamman, don haka ana yin sa a kan ɗan kaso kaɗan ta hannun cibiyar binciken lafiya irin CERMES ta Yamai da abokan aikinta. Mai son bibiyar hawa da saukar garkuwa ba shi da zaɓi sai gwaji mai ba da adadi. Tun Disamba 2020 akwai ma'aunin duniya na antikor ɗin korona, ana rubuta sakamako da BAU, wato awon yawan antikor, a kowace mililita ta jini, kuma a nace wa wannan ma'auni don adadin bana ya yi magana da na baɗi.

Sai batun ɓangaren ƙwayar cutar da gwajin yake nema. Korona tana da furotin na ƙaya a bayanta, mai alamar S, da wani na cikinta, mai alamar N. Alluran AstraZeneca da Johnson & Johnson da Pfizer suna sa jiki ya ƙera antikor na S kaɗai, shi ya sa a Turai suke cewa duk mai antikor na N kamuwa ya yi. Wannan ƙa'ida ba ta zauna daidai a nan ba, domin Nijar ta fara riga-kafinta a ƙarshen Maris 2021 da allurar Sinopharm, wadda aka yi da cikakkiyar ƙwayar cuta da aka kashe, kuma tana iya haifar da antikor na N ma. Ga dalilin da ya sa na ce a rubuta sunan allurar daga kati. Wanda ya kwafo tsarin wata ƙasa bai lura da wannan ba zai lissafa masu allura a cikin masu kamuwa. Haka kuma antikor na N sun fi saurin ɓacewa, saboda haka bayan watanni da yawa suna rage adadin waɗanda suka taɓa kamuwa.

Abin da na fi so mai karatu ya riƙe a wannan mataki shi ne kada a yarda da alkaluman da kamfani ya buga a jikin kwali. Yawancin gwaje-gwajen an tantance su da jinin Turawa ko mutanen Sin, kuma bincike a Benin da Najeriya ya nuna cewa jinin da aka adana tun kafin korona ta ɓulla yakan ba da amsar ƙarya a wasu daga cikinsu, musamman jinin masu zazzaɓin cizon sauro. Mu kuwa daga Agusta zuwa Oktoba kusan kowane gida da mai zazzaɓi. Maganin abin shi ne a nemo jinin gida da aka daskarar kafin ƙarshen 2019, gwargwadon abin da ya samu, ɗari biyu ko fiye in da hali, har da na damina, a ga nawa gwajin zai ce suna da cutar da ba ta wanzu ba a lokacin. A kuma nemo jinin waɗanda PCR ya tabbatar sun kamu, har da waɗanda cutar ba ta kwantar ba, a ga nawa zai kama. Waɗannan alkaluma biyu, ƙarfin kamawa, wato nawa cikin masu antikor gwajin yake ganowa, da ƙarfin wankewa, wato nawa cikin marasa shi yake cewa ba su da shi, su ne za a yi lissafi da su.

Mataki na biyar: ɗiba, sanyi da hanya

Jinin jijiya ya fi inganci, amma yana son a raba ruwansa a ranar, a riƙe shi tsakanin digiri 2 da 8 na ƴan kwanaki, sa'an nan a daskarar da shi a digiri 20 ƙasa da sifili. A watan Afrilu da Mayu, da zafi yana haura digiri 40 kuma wuta tana yawan ɗaukewa, wannan ba ƙaramin aiki ba ne, ga Yamai tana nesa da mu da kusan kilomita 900. Ga ƙauyuka na fi son ɗigon jinin yatsa a kan takarda ta musamman: a cika da'irorin, a bar ta ta bushe a inuwa awa uku zuwa huɗu nesa da ƙura da ƙuda, a sa a leda mai rufi tare da ƙullin da ke tsotse danshi. Iyaye sun fi yarda da ita ga yara, kuma tana jure hanya. Sharaɗinta ɗaya, a fara gwada ta gefe da gefe da jinin jijiya na mutum kamar hamsin, a tabbatar adadinsu yana tafiya tare. Kowane samfuri ya ɗauki lamba maimakon suna, littafin da ya haɗa lamba da suna kuma ya zauna a kulle a hannun mutum ɗaya. A raba ruwan jini kashi biyu tun farko, domin narkarwa da sake daskarewa sau da yawa yana ɓata shi.

Mataki na shida: gyaran lissafi

Adadin da ya fito daga labo ɗanye ne. A ɗauka a gari mai mutum 1,000, ashirin kaɗai suka taɓa kamuwa, gwajin kuma yana kama 90 cikin ɗari na masu antikor, yana wanke 95 cikin ɗari na marasa shi. Zai kama 18 daga cikin ashirin ɗin, sa'an nan ya yi wa 49 daga cikin sauran 980 ƙarya. Jimla 67, wato kashi 6.7 cikin ɗari, alhali gaskiyar kashi 2 ce. A farkon annoba, lokacin da cutar ba ta yaɗu ba, ƙaramin kuskuren wankewa yana iya ninka adadi sau uku. A ƙarshenta kuma matsalar takan juya, raunin kamawa da ɓacewar antikor su riƙa rage shi.

Gyaran yana da ƙa'ida sananniya ta Rogan da Gladen, tun 1978: a haɗa ɗanyen adadi da ƙarfin wankewa a cire ɗaya, sa'an nan a raba da jimlar ƙarfin kamawa da na wankewa bayan an cire ɗaya. Idan ɗanyen adadi 0.12 ne, da wancan gwajin, sama zai zama 0.07, ƙasa 0.85, amsa kashi 8.2 cikin ɗari. Bayan haka a daidaita nauyin rukunai. Binciken gida da rana yakan tara mata da yara fiye da kima, don haka ana ba kowane rukunin shekaru da jinsi nauyin da yake da shi a ƙidayar jama'a. Kada a taɓa fitar da adadi shi kaɗai ba tare da iyakokinsa na sama da ƙasa ba, kuma lissafin iyakokin ya san cewa an ɗebo mutanen ne gungu-gungu.

Mataki na bakwai: daga antikor zuwa haɗarin kamuwa

Zagaye ɗaya yana faɗin inda aka tsaya ne kawai. Haɗari yana fitowa daga bambancin zagaye biyu, saboda haka a tsara maimaitawa tun ranar farko, kowane wata uku ko huɗu, da gwaji iri ɗaya da labo ɗaya, a kuma sa zagayen ya dace da rayuwar garin: ɗaya bayan damina, ɗaya a tsakiyar hunturu lokacin da mura da tari suke yawa, ɗaya bayan dawowar ƴan cin rani. Mafi kyau a riƙe wani kaso na mutanen farko a riƙa komawa gare su. Idan mutum 600 ba su da antikor a zagayen farko kuma ba su yi allura a tsakani ba, sai aka sami 90 daga cikinsu da shi bayan wata uku, to kashi 15 cikin ɗari sun kamu a wannan tsakani, kimanin kashi 5 a kowane wata. Wannan shi ne ƙarfin yaɗuwa, kuma idan aka fitar da shi unguwa-unguwa da rukunin shekaru, shi ne yake nuna inda wutar take ci. Ga waɗanda suke da antikor tun farko, sake kamuwa yana bayyana a matsayin tsalle a adadinsu, kuma bisa al'adar labo ana ɗaukar ninki huɗu ko fiye a matsayin alama.

Sai tambaya mafi nauyi, wato yawan antikor nawa ne yake kare mutum. Nazarce-nazarcen 2021 sun nuna cewa gwargwadon yawan antikor masu hana ƙwayar shiga, gwargwadon raguwar haɗarin yin rashin lafiya, kuma kariya daga ciwo mai tsanani tana daɗewa fiye da kariya daga kamuwa, domin jiki yana da wasu ƙwayoyin garkuwa masu tuna cuta waɗanda wannan gwaji ba ya gani. Dangantakar gangare ce, babu wani layi da za a ce wanda ya haye shi ya tsira. Don a ga siffar gangaren a cikin mutanenmu, a raba waɗanda ake bi kashi huɗu bisa yawan antikor ɗinsu, daga mafi ƙaranci zuwa mafi yawa, rele ya riƙa leƙa su kowane mako, duk wanda ya yi zazzaɓi ko tari a yi masa gwajin hanci tare da na cizon sauro, bayan wata uku a kwatanta yawan kamuwa a kashi huɗun. A lura da shekaru da sana'a wajen kwatancin, domin ɗan kabu-kabu yana iya fin kowa antikor kuma ya fi kowa sake kamuwa, saboda yawan cuɗanyarsa da mutane. Abin da hukuma za ta riƙa kallo a kowane zagaye shi ne kason tsofaffi da masu ciwon suga da hawan jini da suka gangaro zuwa kashin ƙasa. Idan wannan kaso yana girma kuma hunturu yana matsowa, lokacin allurar ƙari ya yi.

Labarin birnin Manawus na Burazil ya isa gargaɗi ga mai saurin yanke hukunci. Jinin masu gudummawa ya sa aka ƙiyasta cewa zuwa Oktoba 2020 kashi 76 cikin ɗari na mutanen birnin sun kamu, adadin da ya haura kashi 67 da lissafi yake bayarwa a matsayin garkuwar gama-gari, wato matakin da yawan masu garkuwa yake hana cutar yaɗuwa, idan kowane mai cuta yana harbin mutum uku. A Janairu 2021 asibitocin birnin suka cika har iskar numfashi ta ƙare, a daidai lokacin da sabon nau'in Gamma ya bazu. Ko ƙiyasin ya yi yawa, ko garkuwar ta ragu, ko sabon nau'in ya kauce mata, ko duka ukun. Haka Omikron, da aka sanar a Nuwamba 2021, ya harbi masu antikor da yawa a duniya. Duk lokacin da sabon nau'i ya shigo, alaƙar da aka auna tsakanin adadin antikor da kariya ta tsufa, sai an sake auna ta, wanda ke nufin a riƙa tura wani kaso na samfuran hanci don a karanta nau'in da ke yawo.

Jini kaɗai ba ya isa. A ajiye sakamakonsa kusa da adadin masu ciwon numfashi da aka kwantar a asibiti kowane mako, da kason gwajin hanci da ke fitowa da cuta, da kuma yawan jana'iza. A Afrilu 2020 masu haƙa kabari a Kano ne suka fara faɗin cewa mutuwa ta yi yawa, daga baya ministan lafiya na Najeriya ya ce kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na mace-mace 979 da aka bincika suna iya kasancewa na korona. Littafi ɗaya a kowace babbar maƙabarta, da ake rubuta rana da jinsi da kimanin shekarun mamaci, ba ya cin kuɗi, kuma idan aka raba ƙarin mace-macen da adadin kamuwar da jini ya nuna, ana samun kimanin haɗarin mutuwa ga kowane rukunin shekaru.

Mataki na takwas: mayar da sakamako

Rahoton hukuma ya fita cikin mako huɗu zuwa shida, shafi biyu, da taswira ɗaya da shawarar da aka yi alkawari a matakin farko, domin sakamakon da ya yi wata shida a aljihun tebur annoba ta riga ta wuce shi. A koma fada da wurin masu unguwanni a faɗa musu da baki, a yi bayani da Hausa a gidajen rediyon gari. Idan za a ba mutum sakamakonsa na kansa, a gaya masa a fili cewa samun antikor ba ya nufin ba zai sake kamuwa ba kuma ba ya hana shi karɓar allura, rashinsa kuma ba ya nufin bai taɓa kamuwa ba. Kada a ambaci wata unguwa ko wani rukuni, kamar almajirai ko masu dawowa daga Aljeriya, ta hanyar da za ta sa a riƙa nuna su da yatsa.

Ragowar jinin kuma kada a zubar, matuƙar an nemi yardar masu shi a takardar farko. A ajiye shi a firijo mai daskarewa da ke da batir ko hasken rana, a riƙa rubuta sanyinsa safe da yamma. Da shi za a iya auna garkuwar ƙyanda da ta shawara a cikin yaran jihar ba tare da an sake huda yatsan kowa ba, kuma ranar da wata sabuwar ƙwaya ta ɓulla, wannan jini ne zai zama na kafin annoba, wanda za a gwada sabon gwaji da shi kamar yadda aka bayyana a mataki na huɗu.